Salansar da aka duba da ido: nazarin haɗarin jirgin Emiliano Sala

A ranar 30 ga Nuwamba, 2018, aka kammala duban shekara na wani ƙaramin jirgin sama a Ingila, aka sa hannu a littafinsa cewa lafiyarsa lau. Jirgin ƙirar Piper Malibu ne, mai inji ɗaya da kujeru shida, an ƙera shi a 1984, lambarsa N264DB. Daga ranar da aka sa wannan hannu zuwa daren da ya faɗa teku, duka-duka awa 11 ya yi a sama. Mutum biyu ne a cikinsa: Emiliano Sala, ɗan ƙwallon Ajantina mai shekara 28, da matuƙinsa David Ibbotson mai shekara 59. Babu wanda ya tsira.

Masu bin ƙwallo a wajenmu sun san labarin ta fuskar Sala. Ɗan wasan gaba ne da ya ci wa Nantes ƙwallo 12 a gasar Faransa tun kaka ba ta yi nisa ba, Cardiff ta saye shi fam miliyan 15, kuɗin da ba ta taɓa zubawa a kan ɗan wasa ba, kuma ya rasu bai buga mata ko minti ɗaya ba. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani guntun bututun hayaƙi a gefen dama na injin, wanda bakanike ya kalla da ido bai ga komai ba, da wani gwaji mai arha da ba a yi masa ba. A kan wannan bututun nake son daɗewa, domin irin kuskuren da ke cikinsa ba irin wanda muka saba ji ba ne. Ba a ce wani ya manta ɗaure noti ba, ba a ce an sa jabun kaya ba. Takardar duban shekara a cike take, kuma an bi abin da jadawali ya ce.

Ƙarar ranar Asabar

Cardiff ta sanar da sayen Sala ranar Asabar, 19 ga Janairu, 2019. Ya so ya koma Nantes ya yi sallama da abokan wasansa, ya kimtsa kayansa. Dillalin 'yan wasa Willie McKay, wanda ke cikin cinikin, ya nemi wani David Henderson ya samar da jirgi. Henderson matuƙi ne, kuma shi ke juya harkokin wannan jirgi a madadin mai shi. A ƙarshen makon yana Paris tare da matarsa, sai ya tura wa Ibbotson aikin.

Sana'ar Ibbotson ta ainihi ita ce gyaran na'urorin gas na gidaje. Ya daɗe yana tuƙin ƙananan jirage, amma lasisinsa na tuƙin kai ne, ba na ɗaukar fasinja a biya shi ba. Idonsa ba ya bambance wasu launuka, bai kuma yi horon tuƙin dare ba. Izininsa na tuƙa irin wannan jirgi mai inji ɗaya ya ƙare tun watan Nuwamba. Matar da ke da jirgin ma ta riga ta gaya wa Henderson kada ya sake ba shi jirginta, bayan hukuma ta rubuto mata cewa sau biyu ya kutsa sararin da ba a ba shi izini ba. Duk da haka shi ya ɗauki Sala daga Cardiff a ranar.

Suna tsakiyar mashigin tekun da ya raba Ingila da Faransa sai Ibbotson ya ji wata ƙara kamar fashewa, ya kuma lura da wani abu mai kama da hazo-hazo a cikin jirgin. Injin bai mutu ba, suka ci gaba har suka sauka lafiya. Da saukarsa ya kai rahoton matsaloli huɗu: wannan ƙara, birkin da ya yi laushi, ƙararrawar gargaɗi da ke kuka ba dalili, da ɗigon baƙin mai. An samu wani bakanike a Nantes ya duba birki. Abin da ya yi ƙara kuwa ba a gano shi ba, kuma har yau ba a gano ba.

Daga baya an saki wata hirar waya da Ibbotson ya yi da abokinsa kafin komawa. A ciki ya ba da labarin ƙarar, ya ce jirgin ba abin yarda ba ne, ya ce ya saba ajiye rigar ruwa kusa da kujera, amma a wannan tafiyar a jikinsa za ta kasance.

A nan ne nake ganin al'amarin ya fara lalacewa. Ƙara daga wajen inji tare da hazo a ɗakin fasinja ba abin da za a ce bari mu gani ba ne. Direban mota in ya ji haka a hanyar Kano zuwa Zariya zai gangara gefen titi ya buɗe bonet. Jirgi ba shi da gefen titi, saboda haka duk dubawar da za a yi masa a ƙasa ake yi, kafin ya ɗaga. Jirgin ya kwana biyu a Nantes, wato lokaci bai ƙure ba. Da an kwance murfin injin an bi bututan hayaƙi ɗaya bayan ɗaya, ko kuma a ajiye shi a saya wa Sala tikitin jirgin fasinja. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma mutumin da ya kai ga shawarar saka rigar ruwa tun daga ƙasa ya riga ya san irin rawar da ke gabansa.

Daren Litinin

Da farko an tsara komawa da safiyar Litinin, 21 ga wata. Aka ɗage zuwa dare don Sala ya wuni da abokansa. Wannan ɗagewar ce ta mai da tafiyar rana ta koma ta dare, a hannun matuƙin da ba shi da izinin dare.

Sun tashi ƙarfe 8:06 na dare agogon Faransa, wanda a lokacin sanyi daidai yake da agogon Najeriya da Nijar. Daga cikin jirgin Sala ya tura wa abokansa na gida saƙon murya ta WhatsApp. Muryarsa a gajiye, ya ce yana cikin wani jirgi da kamar zai wargaje, ya ce in awa ɗaya da rabi ta wuce ba su ji daga gare shi ba, bai san ko za a tura masu nemansa ba. Ya rufe da cewa tsoro yake ji.

Dare ne na hunturu, ga gizagizai, ga ruwan sama jefi-jefi a kan teku. Wajen ƙarfe 9:02 Ibbotson ya nemi masu kula da sararin samaniyar tsibirin Jersey su ba shi izinin yin ƙasa don ya kauce wa gajimare. Can ya ce ya kauce, ya dawo kan hanya a tsayin ƙafa 5,000. Ƙarfe 9:12 ya sake neman yin ƙasa, maganarsa sarai, ba alamar ruɗewa. Ita ce maganarsa ta ƙarshe. Na'urar rada ta nuna jirgin yana karkata dama da hagu, yana hawa yana sauka, daga nan ya shiga wata kwana ta dama yana zubowa ƙasa da mugun gudu. Ƙarfe 9:16 ya ɓace, kimanin kilomita 40 arewa maso yamma da tsibirin Guernsey.

Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta Birtaniya, AAIB, ta ce jirgin ya ƙwace wa matuƙin yana cikin kwana, sannan aka fizgo hancinsa sama a gudun da ya zarce abin da aka ƙera shi ya ɗauka, sai ya karye tun yana sama.

Bayan kwana uku hukumomin Guernsey suka dakatar da nema. Iyalan Sala ba su haƙura ba, jama'a da 'yan ƙwallo suka tara kuɗi ta intanet, aka ɗauko David Mearns, wanda sana'arsa ke nan neman jiragen da suka nutse. Ranar 3 ga Fabrairu aka ga tarkacen a zurfin mita 68. Ranar 6 ga wata aka ciro gawa ɗaya, washegari aka tabbatar ta Sala ce.

Har zuwa nan kowa ya ɗauka labarin a bayyane yake: matuƙi marar horo, dare, gajimare. Sai ga sakamakon gwajin jini.

Abin da jini ya nuna

A watan Agusta na 2019 AAIB ta fitar da sanarwa ta musamman. Kashi 58 cikin ɗari na sinadarin da ke ɗaukar iska a jinin Sala ya riga ya haɗe da iskar kabon monoksaid. A wajen likitoci, abin da ya haura kashi 50 yana iya kawo farfaɗiya, ko suma, ko bugun zuciya, ko mutuwa. Masu binciken suka ce kusan tabbas Sala a sume yake lokacin da jirgin ya faɗa ruwa. Tsakanin kujerarsa da ta matuƙi kuwa babu bango, iska ɗaya suke shaƙa.

Wannan guba ba baƙuwarmu ba ce. Ita ce ke kashe iyali guda a dare ɗaya in an kunna janareto a baranda an rufe ƙofofi saboda ɓarayi. Ita ce ke kwantar da wanda ya shiga ɗaki da kaskon garwashi a tsakiyar hunturu ya toshe taga da tsumma. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana manne wa jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau ɗari biyu da ɗoriya, sai jini ya riƙa zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata. Farko ciwon kai, sai jiri, sai kasala, sai tunani ya dagule. Mugun abin shi ne, hankalin da mutum zai gane cewa wani abu na damunsa, shi gubar ke fara taɓawa. Hayaƙin injin ƙaramin jirgi mai aiki da fetur kan ƙunshi kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na wannan iska, domin babu matatar hayaƙi irin ta motocin zamani a jikin salansarsa.

Tunda Ibbotson ya yi magana sarai minti huɗu kafin faɗuwa, kuma alamu sun nuna akwai hannun da ya ja sitiyari a ƙarshe, masu binciken sun ce bai sume ba, amma mai yiwuwa gubar ta taɓa shi. A yi tunanin halin da yake ciki. A cikin duhu, in ba a ganin inda sama ta haɗu da teku, jikin mutum kan yi masa ƙarya, ya ji kamar yana tafiya a miƙe alhali ya karkace. Maganin wannan ƙarya ɗaya ne, ya kafa ido a kan agogunan gabansa ya gaskata su. Wannan aiki ne da ke son horo da kai mai sanyi. Shi ga ƙarancin horo, ga guba a jini. Na'urar da ke tuƙa jirgin da kanta ma tana da matsalar da kan zo ta tafi, har masu binciken suka ce kamata ya yi a ce an lika mata takardar ba ta aiki.

Ta ina hayaƙin ya shigo?

Sai an san yadda ƙananan jirage ke ɗumama ɗakin fasinja kafin a gane wannan. Mota tana ɗaukar zafin hita daga ruwan lagireto. Yawancin ƙananan jirage ba su da lagireto, iska ce ke sanyaya injinsu. Saboda haka masu ƙira suka nemi zafi a inda yake a banza, wato jikin salansa. Sai a lulluɓe wani sashe na bututun hayaƙi da wata rigar ƙarfe, a bar sarari tsakaninsu. Iska mai sanyi ta shigo daga waje, ta bi ta wannan sarari tana shafar bututun mai zafi, ta ɗumama, ta wuce wajen mutane. Dabara ce mai sauƙi, ba nauyi, ba tsada. Amma abin da ya raba hayaƙi mai kisa da iskar da fasinja ke shaƙa shi ne kaurin bangon bututun kawai, ɗan siririn ƙarfe da ke shan wuta ta ciki, yana shan girgizar inji, yana zafi yana hucewa shekara da shekaru, tsatsa na cinsa daga ciki.

Injin wannan jirgi na kamfanin Continental ne, mai silinda shida da tabo biyu (na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska), kuma rigar hitarsa a kan bututun dama take. Bayan sun auna duk hanyoyin da hayaƙi zai iya bi, masu binciken suka ce mafi kusa da gaskiya shi ne bututun ya fashe ko ya tsage a ƙarƙashin wannan riga, hita kuma a kunne saboda sanyi, sai hayaƙin ya bi hanyar iskar ɗumi kai tsaye zuwa ɗakin.

To, ai an duba wannan bututu awa 11 kacal kafin haɗarin. Haka ne, an duba shi, har da sashen da ke ƙarƙashin rigar. Amma da ido aka duba.

Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai faci ya san iyakar ido. Ka kawo taya tana sacewa a hankali, mai faci ya ciro tib ya jujjuya shi a rana, ba ka ganin komai, shi ma ba ya gani. Ba ya tsayawa gardama da idonsa. Sai ya ba shi iska, ya tsoma shi cikin rabin duro na ruwan da ya yi baƙi, yana murzawa kaɗan-kaɗan, yana jira. Can sai ka ga 'yan ƙananan kumfa suna tasowa a jere daga wani wuri da ka rantse lafiyarsa ƙalau. Ya sa yatsa a wurin, ya tsame, ya soka tsinken ashana don kada ya ɓace masa.

Gwajin salansar jirgi kusan haka yake. A cire rigar, a toshe bakin bututun, a hura masa iska marar ƙarfi sosai, a fesa ruwan sabulu a jikinsa, musamman kan walda da lanƙwasa, a jira kumfa. Tsagar da ta yi siririn gashi, wadda ke rufe bakinta in ƙarfe ya huce ta buɗe in ya yi zafi, a nan take tona kanta. Ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. Rahoton AAIB, wanda ya fito a watan Maris na 2020, ya ce ba a yi wa wannan sashe irin wannan gwaji ba a duban shekara biyu na ƙarshe.

Me ya hana? Amsar ita ce ta fi damuna. Kamfanin da ya ƙera injin yana da jagora a kan yadda ake binciken bututan hayaƙi, kuma gwajin iska na ciki. Amma jadawalin duban shekara na kamfanin da ya ƙera jirgin, wanda shi ne takardar da bakanike ke riƙe da ita yana bi layi-layi, bai nemi gwajin ba, bai kuma tura mai karatu zuwa jagorar masu injin kai tsaye ba. Littafi biyu, kowanne na kamfani daban, gwajin ya faɗa tsakaninsu. Bakanike ya cika duk layin da ke gabansa, ya sa hannu da gaskiyarsa.

Kabu-kabun sama

Akwai dalili na biyu, kuma shi ne ya haɗa gyaran injin da sauran ɓarnar. Jirgin a Ingila yake zaune amma rajistar Amurka gare shi, kamar ɗaruruwan ƙananan jirage a Turai. A dokar Amurka, jirgin da mai shi ke hawa don kansa yana ƙarƙashin sashe na 91, wanda sharuɗɗansa ke da sauƙi. Jirgin da ke ɗaukar fasinja don kuɗi yana ƙarƙashin sashe na 135, inda dole a bi tsarin kulawa na kamfanin da ya ƙera injin, a riƙa gwada matuƙa a kai a kai, hukuma kuma ta sa ido. Hikimar a fili take. Mai jirgi ya san abin da ya hau, in ya yi ganganci da ransa ya yi. Fasinjan da ya biya kuɗi ba ya iya leƙa inji, ba ya iya karanta lasisi, amana ya bayar.

N264DB ana kula da shi a matsayin jirgin gida, ana kuma aiki da shi a matsayin jirgin haya. Kabu-kabu ke nan, sai dai a sama. Babu wanda ya nemi izinin haya daga hukumar Amurka ko ta Birtaniya. Henderson ba shi da takardar kamfanin sufurin sama. Sala ya hau ne da zaton an yi masa tanadi irin wanda ya dace da mutumin da aka saya fam miliyan 15, alhali ko mafi ƙarancin kariyar da doka ta tanadar wa kowane fasinja bai samu ba.

Shi ya sa ba na yarda da masu cewa ai matuƙi ne ya kashe su, ko masu cewa ai kanikawa ne. Tushen abin guda ne. Hanyar da aka bi aka kauce wa tsadar lasisin haya, ita ce ta kawo matuƙi marar izinin dare, ita ce ta sa ana duba injin da ma'aunin da ya fi sauƙi, ita ce kuma ta sa babu wani shugaban injiniyoyi da ke da ikon cewa jirgin nan ba zai tashi ba sai an gano abin da ya yi ƙara. A kamfanin haya na gaskiya, matuƙi in ya ji irin wannan ƙara rubutawa yake a littafin jirgi, kuma jirgin ya zauna ke nan sai injiniya ya sa hannu ya sake shi. A nan kuwa maganar a waya ta ƙare, tsakanin mutanen da kowannensu ke son tafiyar ta yiwu.

Dole kuma in faɗi abin da zai rage wa hujjata ƙarfi. Masu binciken ba su ce gwajin iska zai hana haɗarin tabbas ba. Sun kawo misalin wani jirgi da salansarsa ta fashe awa shida kacal bayan an duba ta. Ƙarfen da ya ci wuta yana iya wuce gwaji yau ya buɗe jibi. Abin da suka rubuta shi ne, duba bututan hayaƙi, komai kyansa, ba ya kawar da haɗarin gubar ɗungurungum. Na yarda da wannan. Amma wanda ya yi gwajin bai ga kumfa ba ya sauke nauyin da ke kansa, kuma ba matsayinsa ɗaya da tsarin da bai nemi a gwada ba sam.

Tunda gyara ba ya rufe ƙofar gaba ɗaya, sai a sa mai gadi. Akwai 'yar na'ura, ba ta fi tafin hannu ba, mai kuka da walƙiya in ta shaƙi wannan iska, kuɗinta bai kai na cika tankin jirgin sau ɗaya ba. Matuƙin da ya ji kukanta ya san abin yi: ya kashe hita, ya buɗe kafofin iskar waje, ya nemi fili mafi kusa. Babu irinta a jirgin Sala, kuma a lokacin doka ba ta tilasta ba. Abin da ƙananan jirage da yawa ke ɗauka a lokacin shi ne wani ɗan kati mai ɗigo a tsakiya, wanda ke yin duhu in akwai guba. Ba ya kuka, yana tsufa cikin watanni, da dare kuma ba mai ganinsa.

Wani haɗari a Ostireliya ya nuna haka ƙarara. Ranar 31 ga Disamba, 2017, wani jirgi mai sauka a ruwa, ƙirar Beaver, ya faɗa wani lungun kogi a arewacin Sydney da rana tsaka, mutum shida suka mutu, matuƙin kuma ƙwararre ne da ya san wurin. Sama da shekara biyu ana neman dalili, sai da aka koma aka gwada jinin mamatan aka ga kabon monoksaid. Da aka sake bin tarkacen, sai ga tsofaffin tsaga a bututun da ke tattara hayaƙin injin, ga kuma ramukan kusoshi uku a buɗe a bangon da ya raba inji da ɗakin matuƙi, kusoshin da ba a mayar ba. Katin gano gubar yana nan a maƙale, rana ta kore masa launi. A Amurka, hukumar binciken haɗurra ta can ta ƙirga haɗurra 31 da wannan guba ta jawo tsakanin 1982 da 2020, 23 daga ciki sun ci rai, mutum 42 suka mutu. Tun 2004 take roƙon a wajabta na'urar.

Abin da ya biyo baya

AAIB ta ba da shawarwari biyar. Uku sun nemi hukumomin jiragen sama na Amurka, Turai da Birtaniya su wajabta na'ura mai kuka. Ɗaya ta nemi kamfanin Piper ya gyara jadawalinsa ya riƙa nuni zuwa jagorar masu injin. Ɗaya ta shafi yadda hukumar Birtaniya ke ajiye bayanan lasisin matuƙa.

An gurfanar da Henderson a kotun Cardiff. A nan aka karanta saƙonnin da ya tura a daren haɗarin da bayansa, yana neman mutane su yi shiru domin magana za ta tono abubuwa da yawa. A watan Oktoba na 2021 aka same shi da laifin jefa jirgi cikin haɗari, a watan Nuwamba aka ɗaure shi wata 18. A watan Maris na 2022 kotun binciken musabbabin mutuwa a Bournemouth ta yanke cewa Sala ya mutu ne sakamakon raunuka a kai da ƙirji, bayan gubar da ta fito daga lalatacciyar hanyar hayaƙi ta sumar da shi, a jirgin hayar da ba shi da izini. Cardiff da Nantes kuwa suka shafe shekaru suna shari'a a kan kuɗin ciniki. Daga 1 ga Janairu, 2025, Birtaniya ta wajabta na'ura mai kuka a ƙananan jirage masu injin fetur in suna ɗauke da fasinjan da ba matuƙi ba, kusan shekara shida bayan daren.

Mahaifin Sala, Horacio, direban babbar mota a garin Progreso na Ajantina, bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Zuciyarsa ta buga ya rasu a watan Afrilun 2019, wata uku bayan ɗansa.

Bututun kansa babu wanda ya taɓa riƙe shi a hannu bayan haɗarin. AAIB ba ta ciro jirgin ba, ta dogara da hotunan da na'urar ƙarƙashin ruwa ta ɗauka. Da sakamakon jini ya fito, iyalan Sala suka roƙi a ciro tarkacen a bincika. Da aka koma wurin a ƙarshen 2019, an tarar ya watse a ƙasan teku. Gawar David Ibbotson kuma ba a same ta ba har yau.